Rabon Luba

Ranar wata Asabar ce cikin bazara, a shekarar da garinmu ya fara yankan shinkafar rani da ruwan dam ɗin Goronyo. Ba zan rantse a kan ranar ba, amma na fi zaton Asabar ce, domin ba mu je makaranta ba. Ina zaune cikin kekena a bakin kanal, babbar hanyar ruwan da aka gina ta ratsa tsakanin gidajenmu da fadama. Rana ta take, ƙarfen da nake tuƙi da shi ya yi zafi har ba na iya riƙe shi sai da gefen zane. A ƙetare ana gayyar Kawu Sambo, ƙanen mahaifiyata. Ina jin ganga, ina hango maza sunkuye da lauje, mata da 'yan mata kuma suna ta kai da kawo a gindin wani babban gawo inda aka sauke tukwane. Abin da ya raba ni da su azarar giginya ce guda biyu da aka gitta a kan ruwan. Ɗan yaye ma da gudu yake bi ta kai. Keke mai ƙafa uku kuwa ba shi da inda zai aza ƙafafunsa na baya.

Sunana Lubabatu, a gida ana ce mini Luba. Shan inna ya kama ni tun ban yi wayo ba, saboda haka ban san tafiya ba balle in yi kewarta. Abin da na sani shi ne rarrafe, da silifa a tafin hannu, kuma in gaskiya zan faɗa, a waɗannan shekarun babu inda ba na zuwa. In wurin kusa ne in ja jikina, in da nisa Kulu ɗiyar Kawu Sambo ta goya ni, tana mita tana cewa na fi buhun gero nauyi. In fadama za a je, a ɗora ni kan jaki tsakanin mangala. Ni ce gwanar carafke a unguwarmu, domin hannuna ya fi na kowa ƙarfi da sauri. In ana gaɗa da yamma a tsakiyar da'ira nake zama ina ba da waƙa ana amshi. A gida aikina ɓarar gyaɗa da yankan kuɓewa da tsince tsakuwa daga shinkafa, kuma in na yi ha'inci ana ranƙwashina kamar kowace yarinya. Gwiwoyina sun yi kanta, zanena kullum da ƙasa, amma ban tuna na taɓa cin abinci ni kaɗai ba.

Sai Baba ya kawo keke daga Sakkwato, ɗaure a saman motar kasuwa, shuɗi, da kujerar katako da sarƙa da ake juyawa da hannu. Ba na so a fahimce ni ba daidai ba. Keken nan shi ya kai ni firamare kullum ba tare da na jira kowa ba, kuma da babu shi da wuya in kai inda na kai a karatu. Har yau ina yi wa Baba addu'a saboda shi. Sai dai a ranar da aka sauke shi, kakata Inno ta dafa kaina a gaban mutane ta ce, "To, Luba ta yi ƙahwa. Daga yau ba ki ƙara jan ƙasa awa jinjiri, kin ji ko? Kin girma." Kowa ya ji daɗin maganar, har da ni. Daga nan aka daina goyo, aka daina jaki, rarrafe a waje kuma ya zama abin kunya ga gidanmu, kamar a ce an kasa kula da ni.

Abin da ba wanda ya lura da shi, ina jin, shi ne garin ba don keke aka gina shi ba. Tun da kanal ya zo ƙasa ta riƙa yin danshi, mutane suka ɗaga dokin ƙofar zaurukansu don kada ruwa ya shiga. Baba ya fasa namu, amma ba zai bi gida gida yana fasa na mutane ba. In ana suna ko zaman lalle sai in tuƙa har ƙofar gidan in tsaya, in yi sallama da ƙarfi. Matan gida su fito su gaishe ni da fara'a, su sa mini albarka, su koma ciki. Ina jin guɗa da dariya ta bayan katanga, ina gane muryar kowa. Wasanni ma suka koma ƙetare, domin can ne ruwa da ɗanyar ciyawa da aikin korar tsuntsu suke. Nakan zauna a inuwar zaurenmu da littafin makaranta a cinya ina kallon kaji. Mutane suka fara cewa Luba akwai son karatu. Wataƙila akwai ɗin, amma ban tabbata da na zaɓe shi ba in da akwai wani abin.

A nan ne aka soma al'adar da ake kira rabon Luba. Duk gidan da aka yi taro, kafin a zuba wa kowa, sai a ɗebi nawa a kwano mai kyau, a sa tsoka mafi girma, a rufe da faifai a aiko. Ba wanda ya taɓa mantawa, kuma da zuciya ɗaya suke yi. Inno takan buɗe kwanon ta ce, "Dubi yadda garin ga ka son ki." Ni kuwa abin da nake tunawa shi ne babban daron da 'yan mata ke kewayewa, ana ture hannun juna, ana faɗa a kan ƙanzo. Nawa kwanon babu mai sa masa hannu. Ko ƙannena an hana su, wai kada su ci haƙƙina. Ban san yadda yarinya za ta yi ƙorafi a kan tsoka mafi girma ba.

A ranar gayyar nan ma an ce in zauna gida, za a kawo nawa. Na daɗe a bakin kanal ina kallon azarar. Ni mai tsoro ce tun asali, har yanzu sai na duba ƙofa na sake dubawa kafin in bar gida, kuma ban iya bayyana abin da ya shige ni ba. Na dai ga an fara sauke daro daga kan mata. Na zame daga kujera, na cire silifa daga ƙafa na sa a hannu, na kwanta rub da ciki a kan azarar. Ruwan yana gudu a ƙarƙashina, ja, da kumfa da karan shinkafa. Ƙafafuna suna ta zamewa gefe suna jawo ni, sai in tsaya in jawo su da hannu ɗaya in ci gaba. Tsinken giginya ya yi ta sukar ƙirjina. Da na kai ƙetare na bi kunyar gona da rarrafe cikin taɓo har gindin gawon.

Kowa ya juyo yana kallona. Goggo Balki, matar Kawu Sambo, ta taso tana salati. "Luba, mi ya yi zahi haka? Ai naki na nan an ɗebe tun ɗazu, yanzu za a kai miki." Ta wanke mini hannu da fuska, ta shimfiɗa sabuwar tabarma can gefe inda inuwa ta fi kyau, ta ajiye mini kwanona da faifansa. Wake da shinkafa ne da man ƙuli da albasa, da kan kifi a sama. 'Yan matan suka koma kan daronsu suna satar kallona. Na ƙetare ruwa, amma ga ni dai ni da kwano. Na sunkuyar da kai don kada a ga idona.

Kulu ce ta taso, hannunta duk mai. Ban sani ba ko tausayi ne ko kwaɗayi, kuma da na tambaye ta bayan shekaru dariya kawai ta yi. Ta tsuguna a gabana ta ce, "Ke kullum ke aka ba kan kihi, mu mun zan bayinki?" Ta sa hannu ta ɗauke shi. Ban san lokacin da na cafke wuyan hannunta na murɗe ba. Ta yi ƙara, ta zage ni, na rama, kwano ya kife a tabarma, sauran suka rugo ana wawaso. Goggo Balki tana ta faɗa ba mai jin ta. Daga ƙarshe aka jawo daron kusa da ni tun da nawa ya zube, na sa hannu cikin hannaye, wata ta buge mini yatsu a kan ƙanzo. Abin da na samu a ranar bai kai rabin abin da ke kwanona ba.

Da yamma Kawu Sambo ya saɓo ni a kafaɗa ya mayar da ni kan keke. Inno ta yi kwanaki ba ta sake mini fuska ba, tana cewa na sa za a yi da gidanmu. Kawu ya ce in an gama aiki za a ƙara azara a daɓe ta da ƙasa, kuma na yarda da gaske yake nufi. Aikin gona dai bai ƙare ba, damina ta shigo, maganar ta bi ruwa. Ban sake ƙetarewa ba, domin Baba ya roƙe ni, ni ma kuma tsoron ya dawo mini. Aka ci gaba da aiko rabon Luba har na tafi sakandare ta kwana, Kulu kuma ta yi aure a wajen Rabah.

Yanzu ina aiki a Sakkwato, kekena ya fi na da sauƙi, an kuma ce mini an yi gadar siminti a wurin azarar nan. Ana gayyatata biki sosai, ba zan ce ba a yi. Kafin in amsa nakan tambaya, cikin jin nauyi, ko zauren taron a ƙasa yake, ko akwai matakala a ƙofa. Sau da yawa sai a ce kada in wahalar da kaina, za a aiko mini. Kuma ana aikowa, a roba mai murfi cikin leda, da cinyar kaza mafi girma. Ina godiya, ina kuma ci. Amma wani lokaci in na buɗe murfin sai in tsinci kaina na ɗan dakata, ina jiran hannu mai mai ya zo ya ɗauke.