Dubiyar Doki a Shekarar Tari

Yayana gurgu ne. Tun yana saurayi rijiya ta rufta masa a ƙafar hagu, ƙashin ya haɗe a karkace. A ƙasa da sanda yake jan jiki, amma in ya hau goɗiyarsa babu mai tuna yana da naƙasa. Gunya ce mai haƙuri, ta san ta matso jikin dakalin ƙofar gida ta tsaya har ya ɗora kansa. Ita ke kai shi gonar fadama, ita ke kai shi Juma'a Babankatami, ita ke kai shi suna da jana'iza. A shekarar da nake magana, bayan babban fari, soja na mulki, tana ɗauke da ciki.

Ni kuwa kamiyo nake tuƙawa, babbar motar kaya. Na kai albasa Kumasi da Abijan, na sha hanyar Tamanrasat, na yi zama a Cadi. Hanya ta ba ni Faransanci da Larabci da Tamajak da Ingilishin kasuwa, ta kuma ba ni baƙin jini a gida, don duk abin da na faɗa sai a ce na baƙi ne.

Bayan girbi na sauke kaya a wata kasuwar bakin iyaka, ɓangaren Najeriya. Inda ake ɗaure dawaki da jakuna tari kawai kake ji, busasshe, majina na zuba, kawuna a ƙasa. Na tarar da wani ma'aikacin dabbobi yana wanke hannu, na tambaye shi. Ya ce ai cutar ta kwana biyu, sun ɗebi jini sun aika sama. Na ce kun gaya wa mutanen wancan ɓangare? Ya yi dariya. Ya ce ba haka ake yi ba: su sai su gaya wa Sakkwato, Sakkwato ta gaya wa Ikko, Ikko ta aika wani ofishi a Turai inda ake tara labarin cututtukan dabbobin duniya, daga can a sanar da Yamai, Yamai ta sanar da Tawa. Yana wannan lissafi ina hangen itatuwan gawo na ƙasarmu a bayan kafaɗarsa. Mahaya kuwa sai kwance dabbobinsu suke suna nufar arewa, ba wanda ya tambaye su ko laisai-fasai, takardar ƙetare iyaka.

Da na ƙetaro na tsaya wurin wani ma'aikacin dabbobi na ɓangarenmu, wanda na sani. Na faɗa masa da Hausa, na maimaita da Faransanci ko zai fi shiga. Ya ce, "Shofer, ni ba ni rufe kasuwa da zancen tasha. Sai waya ta zo daga sama. Kuma ko ta zo, motarmu ba esansi, ko ɗigon mai babu."

Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi. A Cadi na ga wani maigari, ba ya ko iya rubuta sunansa, ya ji ana tari a ƙauyen gaba, ya sa aka ja ƙaya a bakin rijiya, baƙon doki ya sha a gefe da gugan ubangijinsa. Bai jira Turai ba. Mu kuwa labarin da jaki zai kawo kafin azahar sai ya je ya ƙetare teku ya dawo.

Amma ba su kaɗai nake jin haushi ba. Mu mutanen Adar muna da tamu. A wajenmu in dokin mutum ya kwanta, dubiya ake zuwa kamar ɗansa ne ba lafiya. Kuma mai doki ba ya zuwa dubiyar doki da ƙafa, raini ne. Sai ka yi sirdi, ka je, ka ɗaure naka kusa da mara lafiya, maigida ya sa a shayar da shi a komi ɗaya don karamci. Kowa ya zo da maganinsa, wani kanwa, wani sassaƙe, wani turare. Kowa sai ya buɗe hancin dokin da hannu ya leƙa, ya girgiza kai, sannan ya koma ya shafa fuskar nasa.

Ina isa gida aka ce dokin surukin yayana ya kwanta, can wajen Sabon Gida, bayan ya dawo daga cin kasuwa. Na tarar da yaya yana gyara linzami.

Na ce, "Yaya, don Allah kar ka kai goɗiyar nan. Abin da na gani a kudu, numfashi ke ɗaukar shi."

Ya ce, "Numhwashi? To mu daina numhwashi ke nan, shofer?"

"Zan kai ka da kamiyo har ƙofar gida."

"In tahi dubiyar doki cikin motar albasa? Sai a ce na zo awo."

"To ka aika da gaisuwa."

Ya ajiye linzamin ya dube ni. "Uban matata ne. Da ƙahwata ta karye shi ya kwana bisa kaina. Kai kana ina? Kana Kumasi kana koyon yaren mutane."

Ya tafi. Ba a jima ba goɗiya ta fara barin harawa, sai tari, sai zafin jiki da kake ji tun kafin hannunka ya taɓa ta. Labari ya bazu, mahaya suka fara sallama. Na fito na tsaya a ƙofar zaure na ce duk mai shiga ya ɗaure dokinsa can gindin tsamiya, ya wanke hannu in ya fito. Taubashinmu, ɗan ƙanwar babanmu, shi ne a gaba bisa wani baƙin doki, akawal mai ƙiba.

Ya ce, "Kai bawana, yaushe anka naɗa ka jandarma? Ina hular?"

Na ce, "Sauka, ubangijin banza. Dokinka nake ji, ba kai ba. Kai ko ka yi tari shekara babu mai asara."

Aka yi dariya, aka ɗauka wasa ne. Da suka ga ban matsa ba sai fuskoki suka canza. Wani dattijo daga Tamaske ya ce tun da yake bai taɓa ganin an tare baƙo a ƙofar gidan mutunci ba. Yaya ya jiyo, ya fito yana dogara sanda. Ya ce, "Gidan ubanmu ne, amma ni ad da girma. Matsa." Na matsa. Ina kallo aka jera dawaki a bargarsa, aka cika komi.

Goɗiya ta yi ɓari, bayan ɗan lokaci ta bi ɗanta. Akawal ɗin taubashi ya sha da ƙyar, ya rame kamar tsani. Jakunan garin ne suka fi mutuwa, mata suka koma ɗaukar ruwa a ka daga fadama. Tarin ya haura Buza ya shiga ƙasar Keita, gida gida, kan sirdin masu zumunci.

Sai da ya lafa da kansa motar ma'aikatan dabbobi ta zo. An sami esansi. Suka sauko da akwatin ƙanƙara da allurai, suka ce an hana kai doki da jaki kasuwa, wai labari ya iso cewa akwai cuta a Najeriya, a yi hattara kar ta shigo. Ni aka sa na yi tafinta, don babbansu ba ya jin Hausa. Ya tambayi yaya dabbobi nawa ya rasa. Yaya ya ce, "Gaya mishi ba dabba na rasa ba." Ban fassara ba. Babban ya rubuta ɗaya.

Da damina ta faɗi muka ɗora yaya a amalanken shanu zuwa gona. Kafin mu kai, girgizar ta tayar masa da tsohon ciwo, sai da aka sauke shi a gindin wata bagaruwa. Bai sake yarda ba. Na yi masa tayin wani doki ya ce ba zai koya wa baƙo tsayuwa a dakali da furfura ba. Ya raba gonar fadama ga 'ya'yansa, ya koma zaure. Juma'a ma sai dai masu dawowa su tsaya su gaya masa abin da liman ya ce.