Hoton da Gwaggo Hure ta ɗauka

"Matar Yaya, kashe talabijin ɗin nan tukuna," in ji Mariama, ƙanwar maigidana. Tana tsaye a tsakiyar falona da takalminta a ƙafa, abin da ba ta taɓa yi ba. Ana nuna masu tsere a Beijing, duk Guangzhou ta maƙale a wasannin Olamfik, ni ma ina ciki. Na rage sauti kawai. Ta ce, "An kira daga Maraɗi. Inna ta cika da asubarsu."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na faɗa, na rungume ta, na kira maigidana, Baban Hanan, a shago. Duk abin da ya kamata suruka ta yi na yi shi daidai, domin ni ban taɓa kasa yin abin da ido ke gani ba. Amma abin da ya fara faɗo mini a rai a wannan lokaci wata jaka ce ja mai igiyoyi biyu, wadda ba tawa ba ce, ba kuma ta Gwaggo ba. Saboda jakar nan nake wannan rubutu.

Hajiya Hurera, wadda muke kira Gwaggo Hure, ƙanwar mahaifin maigidana ce. Ita ta raine shi tun yana shan nono, bayan rasuwar mahaifiyarsa, ta haɗa shi da 'yarta Mariama ba ta bambanta ba. Ba ta taɓa shiga aji ba. Duk da haka sau biyu a shekara takan taso daga Maraɗi ita kaɗai, ta sauka a ɗakin da ita da Mariama suka kama haya a unguwar Dengfeng, ta shiga mota zuwa Shiling sarin jakunkunan mata. Sinancinta bai wuce kalma huɗu ba: nihaw ta gaisuwa, sheshe ta godiya, meyo wato babu, sai lawban, wato maigida ko uwar ɗaki. Da su take sa mai masana'anta ya kwance ɗinki ya sake. Takan shinshina fata, ta ja zip sau uku, ta ajiye ta ce meyo, ta kama hanya. Kafin ta kai ƙofa an biyo ta. Ni kuwa, mai digiri a harshen Ingilishi, sai an raka ni nake sayen albasa.

Tana da maganganunta. In an kawo abinci takan ce, "Tukunyar da maƙwabci bai ji ɗanɗanonta ba, ba ta nuna ba." In baƙo zai tafi ba ta sallamarsa a ƙofa, sai ta sauko hawa huɗu da ciwon gwiwarta ta taka masa har titi, ta ce, "Kaza ake kora daga bakin ɗaki, mutum rakiya ake mishi." Ni kuma 'yar lakwal take kirana, wato 'yar boko, cikin sha'awa ba cikin gori ba. Takan nuna ni ga ƙawayenta 'yan kasuwa kamar yadda take nuna jaka mai kyan ɗinki.

A Nuwamban bara, da zafi ya sassauta, wani mai masana'antar wandunan jins a Xintang da maigidana ke hulɗa da shi, Mista Lin, ya gayyace mu kwana ɗaya a gandun daji na gwamnati da ke duwatsun arewacin birni. Iyali da iyali, a hau dutse, a kafa tanti, a kwana. Na shafe mako ina shiri. Na sayi takalmin hawan dutse, na sayi huluna iri ɗaya da ni da 'yata Hanan, na karanta yadda masu ilimi ke zaman daji. Ranar Alhamis Gwaggo ta ce, "Ni ma za ni. Shekara shida ina zuwa ƙasag ga, ban ga komi ba sai kwali da sito." Maigidana ya yi murna. Ni ma na nuna na yi.

Ta fito da zane da silifa, da buta, da tabarma a naɗe, da babbar kula cike da kwaɗon zogale, da ƙunshin kilishi a takarda. A gindin dutsen mazan suka yi gaba da tantuna, Hanan na biye da su. Aka bar mu mu uku: ni, da Gwaggo, da Madam Lin, mace mai tsabta da turanci mai kyau, wadda na ƙudura tun a mota sai ta gane cewa mu ma mun san duniya. Gwaggo ta tsuguna a gefen hanya ta kuskure baki da butarta ta tofar a ciyawa. Madam Lin ta dube ta, ta juyo gare ni da murmushi ta tambaya da turanci, "Wace ce ita a wurinku?"

Na ce, "Tana taimaka mana da aikin gida."

Ba wanda ya matsa mini. Ba suɓutar baki ba ce, na ji maganar tana tahowa, na ba ta hanya. Madam Lin ta gyaɗa kai irin na wadda abu ya faɗa mata daidai, ta ce na yi sa'a, samun amintacciya yana da wuya. Sannan ta sauke jar jakar goyonta ta miƙa wa Gwaggo, ta nuna mata matakalar.

Gwaggo ta dubi jakar, ta dube ni. Ban san tsawon kallon ba, na dai san na sunkuya ina gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Da na ɗago, ta riga ta murɗe mayafinta ta yi gammo, ta ɗora kula, ta ɗora jar jakar a kanta, tabarma a hamata, buta a hannu. Ta ce da ni, "To, mu tahi, lawban."

Matakalar dutse ce, tana ratsa kurmin gora, ga ƙorama tana bin gefenta. Wurin yana da kyau, an ce. Ni bayan Gwaggo kawai na gani: wuyanta a miƙe, silifa na tas-tas, tana tsayawa bayan kowace kwana ta dafa gwiwa ta ce wash a hankali. Sinawan da ke saukowa suna tsayawa suna tafa mata, ba su taɓa ganin kaya a ka ba hannu ba. Wasu suka roƙa a ɗauke su hoto da ita, ta tsaya tana dariya, tana nihaw, nihaw. Sau biyu na buɗe baki in ce a ba ni jakar. Sau biyun na tuna zan yi bayani, na rufe.

Kafin mu cimma mazan ta sauke jar jakar ta mayar wa mai ita. A lokacin na ɗauka gajiya ce. Daga baya na gane ba ta so ɗanta ya gani.

A fili kusa da ƙololuwar aka kafa tantuna. Madam Lin ce ta raba wurin kwana, ta ba Gwaggo ƙaramin tantin da aka zuba kaya. Maigidana ya yamutsa fuska zai yi magana, Gwaggo ta riga shi: "Nan ya hi mini, in yi sallata ba mai tsallake ni." Ta zuba zogale a murafen kula ta bi tantunan da ba mu san masu su ba, ɗaya bayan ɗaya. Wani tsoho ya ci kilishi, yaji ya kama shi, yana hawaye yana ɗaga mata babban yatsa, ya aiko mata da lemo cikin hularsa. Kafin la'asar duk filin ya san ta. Ni da hulata ba wanda ya tambayi sunana.

Da la'asar na bi ta bakin ƙorama inda take alwala. Na tsaya a bayanta na ce, "Gwaggo, ɗazu..." Ba ta juyo ba. Ta wanke ƙafar hagu, ta ce, "'Yar lakwal, bar magana inda kika aje ta. In kin gyara yanzu, matar za ta ji kunya, mijinta ya ji, naki mijin kuma ya rasa inda zai sa kanshi gaban mutanen da yake cin abinci da su. Ni dutsi na zo gani, kuma na gane shi." Ta miƙo mini butar. "Cika ki yi taki, rana na tahiya."

Na karɓi wannan a matsayin rangwame, domin ya yi mini arha. Ban ce ki yafe ni ba. Da za a yi hoton iyali a kan ƙololuwa, Madam Lin ta miƙa mata kyamara, tunda wannan aikin mai aiki ne. Na nuna mata inda za ta danna, na koma na tsaya tsakanin mijina da 'yata, na yi murmushi.

Duk wanda ya san Gwaggo ya san ba ta hawa jirgi sai ta zaga mutane ta ce, "Mu yahi juna, tahiya ba ta da tabbas." A watan Maris ta zo gidana ta faɗa. Na ba ta amsar da ake bayarwa, wadda harshe ya haddace: ba ki yi mini komai ba, Gwaggo, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ta ɗan jira, tana gyara mayafi, jiran da ya fi na al'ada tsawo. Na ce a gaida mutanen gida. Na yi lissafin za ta dawo a Agusta, zan samu rana mai kyau da kalmomi masu kyau. Da wasannin suka matso biza ta yi wuya, ba ta samu ba, ciwo kuma ya same ta a gida.

Ranar da aka fara zaman makoki a ɗakin Dengfeng, matan Kano da na Maraɗi da na Yamai sun cika shi har baranda. Kowa da nata alherin da za ta ba da labari. Mariama ta matso kusa da ni ta ce, "Matar Yaya, ba mu da hotonta a ƙasag ga sai na fasfo. Ta cika maganar dutsin nan da kuka kai ta. Ki zaɓo muna guda mai kyau, mu aika gida."

Na koma na zazzage hotunan. Akwai ni da hula, ni da gora, ni ina kallon nesa kamar mai tunani. Akwai Madam Lin. A guda ɗaya ana ganin butar Gwaggo a gefen tanti. Akwai gidaje a garin nan, na mutanen da ba su san sunanta ba, da hotonta ke cikinsu da kaya a ka tana dariya. Gidan ɗan da ta raina ba ya cikinsu.

Da safen sadakar uku na gaya wa Baban Hanan komai. Ya saurara har ƙarshe, ya ɗauki hularsa ya tafi masallaci, ba kuwa lokacin salla ba ne. Da yamma, bayan mata sun watse, na gaya wa Mariama. Ban rage ba, har da lawban.

Ta tashi ta buɗe akwatin mahaifiyarta, ta ciro hoton nan na ƙololuwa, wanda na wanke na ba Gwaggo a matsayin tsaraba. An lulluɓe shi da leda. Ta ce, "Duk wanda ya shigo sai ta nuna mishi. Ta ce, ku duba, ni na ɗauka, ban yanke kan kowa ba." Ta shafa ledar. "Kwana uku na yi ina gasa mata wuya bayan kun dawo. Ta ce mini kula ce ta yi nauyi."

Na ce, "Mariama, ki yafe ni."

Ta ce, "Ita ta ce ta yahe ma kowa kahin ta tahi, ina jin kina ciki. Ni kam ki ba ni kwana biyu, Matar Yaya."

Na rubuta wannan ne domin waɗanda suka yi ta yaba haƙurin Gwaggo a zaman makoki su san a kan wa ta yi wani daga cikinsa. Allah ya jiƙan Hajiya Hurera, ya yalwata mata makwanci, ya sauke mata duk nauyin da ta ɗauka ba nata ba, ya sa shi a mizaninta. Yadda ta rufa mini asiri a gaban baƙi, Allah ya rufa nata ranar da ba mai rufawa sai shi. Allah ya ba Mariama da Yayanta da dangi na Maraɗi juriyar rashinta, ya raya abin da ta bari. Ni kuma Allah ya isar mata da roƙon da na kasa yi mata tana ji.

Na ajiye hoton butar da na zo da shi a kan akwatin, na sa takalmina. Shekara huɗu ina zuwa ɗakin nan, ban taɓa sauka matakalarsa ni kaɗai ba. Mariama ta kawo ni bakin ƙofa ta ce in sauka lafiya, ta tura ƙyauren a hankali har ya kama. Na ɗan tsaya, sannan na fara sauka.