Ranar da Na Je Sa wa Jirgi Albarka

Ɗana na fari likita ne, kuma Likita nake ce masa, don bakina bai taɓa furta sunansa ba. Tun motarsa ta farko a Kano ya ɗora wa kansa wata al'ada: ba ya sayen abin hawa sai na fara shiga na zauna, na ce Allah ya sa albarka. Da ya ɗauko ni zuwa Dagenham, can ƙasar Turawa, ma bai daina ba.

Wata Juma'a ya durƙusa a gabana ya ce, "Hajiya, jirgin sama nake so in saya."

"Tikiti dai?"

"A'a, jirgin kansa. Ƙarami ne mai kujera biyu, na koyon tuƙi. Wani dattijo ne ya haɗa shi a garejin gidansa. Na yi booking, an ba mu lokaci, gobe mu je ki gani."

Mutum da furfura a gemu, da 'ya'ya uku, zai shiga abin da aka ƙera a gareji ya bar ƙasa. Amma inda na taso, uwa ba ta nuna fargaba a kan ɗan fari. Na ce a raina, kujera biyu, ɗaya tasa ɗaya tawa, kamar kullum. Na nemi gafarar surukata, na nuna mata inda na ajiye likkafanina. Ta ɗauka rigimar tsufa ce.

Washegari muka je. Filin jirgin yana bayan gari, ciyawa ce kawai da rumfar kwano, ga sanyi yana cin gwiwa. Baturen da ya ƙera jirgin ya girme ni, hannunsa har rawa yake yi. Na daɗe ina kallon hannun nan.

Shekaru na yi ina sayar da atamfa a cikin gida, na san yadi. Na danna fiffiken da babban yatsa, ya lotsa. Ashe yadi ne aka ja a kan katako aka shafe da fenti.

Na ce wa Likita, "Tambaye shi wa ya yi ɗinkin nan."

"Ya ce matarsa ce, kafin ta rasu."

Na bi ɗinkin da farce daga wannan baki zuwa wancan. Ko tsallake ɗaya babu. Aibu na zo nema ban samu ba, sai gajiya ta ƙaru min.

"Tambaye shi, in abin kirki ne me ya sa zai sayar? Kuma ya taɓa ɗora nasa ɗan a ciki, ko 'ya'yan mutane yake jira?"

Likita ya faɗi kalma uku da Turanci yana murmushi.

"Maganata ta fi haka tsawo," na ce. "Ban yi boko ba, amma ina da kunne."

Ya maimaita, kai a sunkuye. Dattijon bai ji haushi ba. Ya ce idonsa ne ya raunana aka hana shi tashi, kuma a wannan kujerar 'yarsa ta koya. Ya fito da takardun masu duba jirgin. Ban iya karatu ba, amma na ga sun sha hannu.

Na tattare zanena. "To bismillah, a tayar mu je."

"Ina za mu, Hajiya?"

"Sama mana. Ba shi ya sa ka kawo ni ba?"

Ya dube ni, ya dubi ƙasa. "Hajiya, ɗaya kujerar ta malamina ce. Mai koyo ba ya ɗaukar kowa. Zama kawai za ki yi a ciki, yana nan tsaye."

Wannan ne ban yi wa shiri ba. Na shirya mu faɗo tare. Ban shirya tsayawa a ciyawa ina ɗaga kai ba.

"In kin ce a'a, na haƙura," ya ce.

Na san zai haƙura, ba zai ƙara tayar da maganar ba har in mutu. Na kuma tuna tun yana rarrafe, jirgin alhazai ba ya wucewa bai saki abin da ke hannunsa ba.

Su biyu suka tallafe ni na hau. Kujerar matsattsiya ce, tana warin fetur. Na dafa kujerar Likita da hannun dama na ce Allah ya sa albarka.

Yanzu duk Asabar da safe yake fita koyon tuƙi a jirginsa. Ba na tambayarsa komai. Ina zama bakin taga da carbi, shayina ya huce, sai na ji makullinsa a ƙofa. Sannan in ce masa ya cire takalman nan, ya kwaso min laka.