Bari In Taka Maka

Aiki aka yi wa Baba a hanji, aka kuma yi shi lafiya. Kwana biyu da aikin sai ga wata ma'aikaciya ta shigo ɗakin maza tana tura wani ƙarfe mai ƙafa huɗu, irin wanda ake dafawa a koyi tafiya. Ta ce daga sashen gashi take, ta zo ta tayar da shi ya ɗan taka.

Baba ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Gashi kuma? Ni nama ne?"

Ta yi dariya, ta ce motsa jiki take nufi. Ya gyara filo ya ce, "'Yata, likita cewa ya yi a kwantar da ni. An ba ni gado, na kwanta. In yana so in tashi, ya zo ya faɗa da bakinsa."

Washegari likita ya zo ya faɗa da bakinsa. Baba ya ce ran nan ka ce a kwantar, yau ka ce a tayar, shi kuwa dattijo ba ya magana biyu, don haka ta farko zai riƙe. Likita ya dube ni, na dubi silin.

Ni ce babba a gidanmu, ni ce kuma mai jinyar rana, ƙannena maza su karɓe ni da yamma. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana Uwata, amma wannan bai taɓa sa ya ji maganata ba. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin layin dogo da ƙafa, da guduma a kafaɗa, yana ƙwanƙwasa ƙarfe. Duk sanda na ce ya tashi sai ya ce ya riga ya yi tafiyarsa ta duniya, har da ta jikokinsa.

Ma'aikaciyar ta ja ni baranda. Bagwariya ce, mai fara'a, amma ranar ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kai ne yarinyan shi? Ka ji ni. Ciki zai warke, wannan ba wahala. Amma tsoho idan ya kwanta kwana da yawa, kafa zai manta aikin shi. Ya shigo da kafa, ina so ya fita da kafa."

Mutumin da ko buta ba ya yarda a ɗaukar masa, a ce sai an ciccibe shi zuwa bayi? Na san ba zai daɗe a haka ba. Tsoro ya kama ni ƙwarai, ni kuma in tsoro ya kama ni faɗa nake yi, shi ya sa na wuni ina yi da kowa.

Manyan abokan gabata 'yan dubiya ne. Wata rana da ƙyar da lallami na samu ya zauna a bakin gado, ƙafafu na lilo. Sai ga danginmu na Paiko sun sauko daga mota da doya ƙwarya guda, wato guda ɗari, kamar wanda aka yi wa aiki a hanji zai ci sakwara. Goggo na ganinsa a zaune ta saki salati. "Yaya, kwanta! Ke wace irin 'ya ce? Mutum da ɗinki a ciki?" Ta kama ƙafafunsa ta mayar kan gado, ta ja bargo ta rufe shi har wuya, a zafin nan na Minna. Baba ya lumshe ido, har da murmushinsa. Na fita na tsaya gindin mangwaro sai da zuciyata ta huce.

Dabarar ba ni na ƙirƙiro ta ba, gani na yi. Wani tsohon abokin aikinsa ya zo, suka sha hirar jiragen da. Da ya tashi tafiya sai Baba ya ce, "Bari in taka maka," ya sauke ƙafa ɗaya yana laluben takalmi. Abokin ya ce, "Haba, haba, koma ka huta." Ƙafa ta koma. Na tsaya ina kallon takalmin. A gida Baba bai taɓa barin baƙo ya fita ba rakiya ba. Wanda ya zo yanke mana wuta ma sai da ya raka shi bakin titi, yana riƙe masa tsani.

Daga ranar na koma zaman baranda ina tare 'yan dubiya kafin su shiga. Nakan ce, "Don Allah, in ya ce zai taka maka, kada ka ce a'a." Suka riƙa kallona kamar na ce su mare shi. Biyar na farko duk sun amsa mini da to, suka shiga suka ce masa ya koma ya huta. Bakinsu ne ya saba, ba laifinsu ba ne.

Limamin unguwarmu ne ya fara cika alkawari. Ya yi addu'a, muka shafa, ya miƙe. Baba ya ce, "Bari in taka maka, Malam." Liman ya saci kallona, ya ce, "To, bismillah."

Ba zan manta fuskar Baba ba. Kamar wanda ya yi tayin abinci don kara, ya ga baƙo ya wanke hannu. Amma magana ta riga ta fita. Ya dafa ƙarfen nan da ya rantse ba zai taɓa ba, ya miƙe yana nishi, yana cewa ƙasa-ƙasa, "Mutanen yanzu ba su da ta ido." Taku goma sha ɗaya ne zuwa ƙofa, na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya.

A bakin ƙofa wata sabuwa ta taso. Liman ya ga ba zai iya barin mara lafiya ya koma shi kaɗai ba, sai ya rako shi har gado. Ya ce, "To, Allah ya ƙara sauƙi, na tafi." Baba ya ce, "Bari in taka maka." Suka sake ɗaukar hanya. Sau uku suna wannan safa da marwa, kowa na ganin girman ɗan'uwansa, ba mai iya cewa ya isa. Ma'aikaciyar gashi ta shigo ta tarar da su, ta rufe baki da fayil tana rawar kafaɗa. Kiran sallar azahar ne ya raba su.

Mako bai cika ba dangi suka ƙare. Wanda ya zo sau ɗaya ya fita kunya, ba ya dawowa. Sai na shiga aron baƙi. Na kawo mai ayaba na bakin get na ce jikan abokinsa ne na Kagara. Na kawo mai keken da ya sauke ni. Wani bawan Allah da ke jinyar matarsa a ɗakin mata ya zo da safe da hula zanna, ya dawo da la'asar da hula taɓa-ni-ka-ji-hadisi. Baba ya ƙura masa ido ya ce, "Wannan ba shi ne na safe ba?" Na ce ƙanensa ne, kamarsu ɗaya. Na yi ƙarya a makon nan fiye da wadda na yi tun ina yarinya, Allah ya yafe mini.

Abin sai ya bazu. Sauran tsofaffin ɗakin suka ga ana rakiya ban da su, kunya ta kama su. Wannan ya tashi da jakar fitsari a hannu ya raka surukinsa, wancan ya ja sandar ƙarin ruwa ya raka mai shara. Wani ya bi likita gado-gado har ya gama zagaye, wai ba ya barin babban mutum ya tafi shi kaɗai. Babbar nas ta tsaya tana tambaya ko asibiti ne nan ko tashar mota.

Mutum ɗaya ne bai shiga ba, maƙwabcin gadon Baba, tsohon hedimasta ɗan kudancin Kaduna. Ciwon sukari ne ya ci masa yatsa, amma da ƙafarsa ya shigo, ina gani, da lema a hammata. Sun shaƙu da Baba, kullum suna gardama a kan wanda ya lalata ƙasa, malamai ko ma'aikatan jirgi. Ranar da matan zumunta na cocinsu suka zo yi masa waƙa da addu'a, Baba ne ya raka su baranda, shi a gaba da ƙarfensa, su a baya da ankonsu. 'Ya'yan Hedimasta kuwa ban taɓa ganin masu son uba kamarsu ba. Ko kofi ba sa bari ya ɗaga. In ma'aikaciyar gashi ta zo sai su ce yana hutawa, ta dawo gobe. Na yi wa babban ɗan magana, ya amsa mini cikin ladabi, "Yaya, ya sha wahala a kanmu. Ya isa haka." Har kunya na ji, don ni ce mai wahalar da nawa.

Da yatsa ya warke aka sallame shi. Ya zauna a bakin gado, aka sa masa takalma, ya yunƙura zai miƙe. Ya koma. Ya sake yunƙurawa, 'ya'yansa biyu suka tallafe shi, gwiwoyin suka lanƙwashe. Aka je aka kawo keken tura marasa lafiya.

Baba ya ce, "Bari in taka maka, Hedimasta."

Wannan karon ba ni na shirya ba. Suka bi baranda, suka wuce ɗakin magani, suka sauka gangaren har inda ake ajiye motoci, nisan da Baba bai taɓa kaiwa ba. Muka tsaya ana ɗaga dattijon zuwa kujerar baya. Hedimasta mai surutu ya kawar da kai gefe, bai ko ɗago mana hannu ba.

A hanyar komawa Baba ya zauna kan wani benci yana mayar da numfashi. Sannan ya ce, "Uwata, ki daina tara mini mutane. Duk na san su, mai ayaban nan ba jikan kowa ba ne."

Na sunkuyar da kai.

Ya ce, "Ba taurin kai ba ne. Tsoro nake ji in tashi in faɗi a gabanki, a ce ke za ki ɗaga ni."

Ya jawo ƙarfen, ya dafa, ya miƙe a yunƙuri na biyu. Ban kama shi ba. Na bar shi ya yi gaba, na bi bayansa da taku ɗaya, inda ba zai ga fuskata ba.