Sarauniyar Hoto a Kangon Asibiti

A ba da hanya, ga sarauniyar hoto daga Jakarta! Baƙin gilashi a goshi, kyamara a wuya, tana taku cikin tsohon asibitin mahaukata kamar gidan ubanta. Kowa a garin nan yakan yi wa kangon sallama, ita ko tari. Da gani ba ta taɓa kawo wa majinyaci shinkafa ba.

Sutris, ɗan acaɓan da ya kawo ta, yana huci yana kallo: tana jan gado mai tsatsa zuwa taga, tana gyara wa sarƙarsa zama.

"Malama, in kwanta ki ɗaure ni? A ɗakin nan babana ya mutu a ɗaure."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Allah ya jiƙansa. Matsa, Malam, kana tare min haske."