Babaji Maƙeri da Bindigar Marigayi Sammani

Duk wanda ya saba bin lungun maƙera na Ƙofar Guga da hantsi ya san Malam Babaji. Za ka same shi a kan guntun turmi, ya miƙe ƙafa ɗaya, ƙotar bindiga a cinyarsa, yana bin ta da magagari a hankali kamar mai yi wa jariri wanka. In ka yi sallama yana tsakiyar zane, to ka nemi wuri ka zauna, don ko hakimi ne sai ya jira. Sana'arsa kwaikwayon bindigogin toka na kakanni, irin waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki. Ya sassaƙa ƙota da itacen ƙirya, ya ɗaure ta da zobban tagulla, ya yi mata ado da wuri da jar fata. Nasa na ratayewa ne a bango, ba sa tashi. Bana ido ya yi rauni, ya ce ya ajiye guduma, ni kuwa raina bai yarda ya tashi daga turmin nan ba tare da an yaba masa ba.

Aikin da maƙwabtansa ba sa son ambata da ƙarfi shi ne na gidan Sammani maharbi. Sammani ya rasu ya bar 'ya'ya maza biyu, Nasiru da ƙanensa Sada, da wata bindiga da ya gada daga kakansa. Tsatsa ta daɗe da toshe ta, amma bai taɓa shiga daji ba tare da ita a kafaɗa ba. An raba gona da awaki lafiya lau, sai a kan ƙarfen da ko gafiya ba zai kashe ba 'yan'uwa suka daina gaisawa. Har Sada ya fara tara bulo zai ja katanga a tsakiyar gidan.

Uwarsu Indo ce ta naɗo bindigar a zane ta kawo wa Babaji. A bayanta akwai Duna, tsohon karen farautar marigayin, wanda tun ranar jana'iza ba ya kwana ko'ina sai ƙarƙashin inda aka rataye ta.

"Malam, ɗiyana za su rabu ina raye," in ji ta. "Ka yi mata 'yar'uwa, yadda ko ni ba ni iya gane su."

Babaji ya sa aka kira su biyun. "Za ni yi," ya ce, "amma in na gama kowa ya ɗauki guda, kada wanda ya tambaye ni wacce ce wacce." Suka amince da saurin da bai kwanta masa ba. Da suka fita, sai ya jiyo Sada yana cewa, "Mi ne na damuwa? Ai Duna ya san ta gida."

Ƙarfe da tagulla ba su ba shi wuya ba. Abin da ya rage shi ne sawun mamacin a jikin itace. Sammani bahago ne, babban yatsansa ya ci wani ɗan gurbi a ƙotar, wajen da yake jingina kumatu kuma ya yi baƙi yana sheƙi. Magagari ba ya yin wannan, sai jiki. Don haka Babaji ya roƙi Indo rigar farautar mijinta da ba a wanke ba, ya shafe sabuwar bindigar da man kaɗe, ya sa rigar, ya rataye bindigar a hagu, ya dinga yawo da ita a lungu har damina ta fita.

A nan ne gaban mutane ya fara faɗuwa. Sammani yana ɗan ɗingishi, sai aka ga Babaji ma ya fara. Wata mai ƙosai ta hango bayansa da rana tsaka, ta gaishe shi da sunan marigayin, kuma ta rantse ya amsa kafin ya waiwayo. Matar Babaji ta ce tarin da take ji daga maƙera ba na mijinta ba ne. Aka ba shi shawara ya bar aikin. Ya ce tsoro kam yana ji, amma bulon Sada ƙaruwa yake yi.

Ranar da aka gama, aka shimfiɗa tabarma a zauren gidan Sammani. Babaji ya juya baya, Indo ta sassauya bindigogin a ƙarƙashin zane, don shi ma kada ya sani. Aka yaye zanen, aka saki Duna. Ya shinshina ta dama, ya shinshina ta hagu, ya koma, ya sake dawowa, Nasiru da Sada sun zuba masa ido ko ƙiftawa ba sa yi. Can sai ya kwanta a tsakanin bindigogin, ya ɗaga kai ya dubi ƙofar zauren, inda babu kowa sai hasken rana, ya fara kaɗa wutsiya. Idonsa ya bi wani abu a hankali, daga bakin ƙofa har dakalin da Sammani ya saba zama, ya tsaya a nan. Indo ta ja mayafi ta rufe fuska tana salati.

Sada ne ya fara magana. "Yaya, ka ɗauki wadda kake so."

"A bar su nan tare," in ji Nasiru, ya miƙa masa hannu. Katangar ba a gina ta ba har yau.

Kai ne ka yi wannan, Malam Babaji, na Ƙofar Guga mai haƙurin ƙarfe. Kai ne ka sa rigar mamaci a jikinka kana jin tsoro, don kada wata tsohuwa ta rasa gidan da za ta kira nata. Da na tambaye ka abin da karen ya gani, ka ce kai ba ka duba ba, idonka na kan hannuwan yaran. Mun gode, Allah ya ƙara wa idon nan haske, ya sa ka gama da duniya lafiya. Masu sana'ar hannu da ke tasowa, ku je ku zauna kusa da turmin nan tun mai shi yana gane muryoyinku. Ku tambaye shi yadda ake duba gidan da aiki zai shiga kafin a hura wuta.