Akusan Maƙwabta a Ɗakin Atu

Atu 'yar wata tunga ce, ɗan ƙaramin ƙauye a dajin Kebbe, kuma tun tana budurwa aka san ta da riƙon hannu. Dangin mijinta sun sha kiranta marowaciya a bayan idonta, amma ni ban yarda da su ba. Mace ce dai da in ta ɗebi gero a ƙoƙo sai ta shafe bakinsa da yatsa, abin da ya zube ta tsince shi ƙwaya ƙwaya ta mayar. Ta ga yunwa tana yarinya, shekarar da fara ta cinye gonar ubanta, kuma abin bai bar ranta ba har ta tsufa. Allah da ikonsa sai ya haɗa ta da Ɗangiwa, manomi mai sakin hannu, irin mutumin da in baƙo ya yaba hularsa sai ya tafi da ita. Suka haifi 'ya'ya biyu, Dikko da Husaina.

Zamanin mulkin Sarkin Musulmi ne, tun Turawa ba su zo ba, kuma a shekarun nan mutanen tunga marar ganuwa ba sa rabuwa da fargabar mahara. Da aka ƙone wata tunga kusa da tasu, Ɗangiwa ya ce shi kam ya gaji da kwana da kunne a buɗe. Ya kai auduga kasuwar Tambuwal, a can ya ji labarin gidan wani tsohon marini da ya rasu, magada kuma suna son sayarwa su koma Jega. Gidan ba wani abin a zo a gani ba ne: zaure, ɗakuna biyu, rumbu mai tsaga a gindi, da itacen kurna a tsakar gida. Amma yana cikin ganuwa, kuma mai unguwa ya yi alkawarin ba shi aron gona a bayan gari.

Gidan ya ci karsanarsu, ya ci jakinsu, ya ci zaren da Atu ta daɗe tana kaɗawa tana ɓoyewa, sannan ya juyo kan rumbu ya ci mafi yawan dammunan gero. Aka yi ciniki gaban mai unguwa da shaidu, aka raba goro, aka shafa fatiha. Da bazara suka tashi, da jakunan aro, turmi a wannan gefe, dutsen niƙa a wancan. Atu ba ta yi kukan rabuwa da kowa ba sai da ta juya ta ga rumbunsu a tsaye, wanda ita ta yi ta ɗauko ruwan kwaɓa ƙasarsa, ga shi ba ya hawa jaki.

Ranar da suka sauka, kafin a shimfiɗa tabarma, ta jera tukwane a ƙuryar ɗaki ta raba sauran geron a ciki. Tukunya ɗaya, wata ɗaya, har zuwa lokacin da sabon gero zai nuna. Ta ware ɗan abin da za a riƙa musanyawa da gishiri da daddawa. Lissafin ya kai, amma da ƙyar, ba rarar ko tafin hannu. Sai kuma iri: zangarniyar gero zaɓaɓɓiya daga gonarsu ta Kebbe, ta ɗaure ta rataye a saman murhu inda hayaƙi zai hana ƙwari taɓawa. Ta san sarai cewa in ba su yi shuka a daminar nan ba, gidan da suka saya sai sun sayar da shi sun koma inda suka fito.

Abu ɗaya ne ba ta sa a lissafi ba, shi ne kirkin mutanen Tambuwal.

Tun yammacin farko akushi ya shigo, tuwon dawa da miyar kuka, daga gidan Inno Tambaya, wata tsohuwa da katanga ɗaya ta raba su. Kashegari ƙwaryar fura daga gidan Lauratu, matar wani mahauci. Daga nan sai abin ya zama kamar an yi shela. Wannan gida ya aiko, wancan ya aiko, kowa na yi wa baƙi barka da zuwa. Yara suka ci suka yi ɓul-ɓul, Ɗangiwa yana ta sa albarka yana cewa ai ya faɗa mata garin mutanen kirki ne. Ita kuwa Atu kowane akushi ya shigo sai gabanta ya faɗi.

Dalili kuwa, uwarta ta hore ta cewa ba a mayar wa maƙwabci akushinsa wayam. Ko ɗan gero, ko gyaɗa, ko curin daddawa, sai an sa wani abu a rufe da faifai. Ta dubi tukwanenta, ta dubi akusan. In ta zuba wa kowa abin da ba za a raina ba, tukunyar wata guda ta tafi, kuma watan da zai faɗa ramin shi ne na tsakiyar damina, lokacin da mai noma ya fi bukatar abin sawa a ciki. In kuma ta mayar da su haka nan, ta zama baƙuwar da ba ta da tarbiyya tun ba a san sunanta ba.

Sai ta yi dabarar da, don Allah, ba dabara ba ce. Ta wanke akusan tas, ta shanya, ta kife su a bayan gadonta, wai sai ta sami abin zubawa. In an aiko tambaya, ta ce a gaida uwar gida, akushi yana nan tafe. A tunaninta ta sayi lokaci. Ba ta tuna cewa akushi ba abin banza ba ne a gidan talaka, wata ma shi ke nan gare ta na fita kunya.

Magana ta fara yawo. Wata safiya a bakin rijiya Lauratu ta ɗaga murya, tana kallon guga amma da Atu take, ta ce, “Unguwag ga an samu gidan da akushi ka shiga ba shi fitowa. Ko can Kebbe haka aka yi, oho.”

Mata suka ƙyalƙyale. Atu ta ɗauki tulunta ba ta cika shi ba, ta koma gida.

Ba a jima ba maganar ta kai zauren maza. Ɗangiwa ya dawo daga sallar la'asar fuska a murtuke, abin da ba a saba gani ba.

“Atu, mi nika ji cikin gari? An ce akusan mutane na ɗakinki.”

“Suna nan, Maigida. Ban fasa ko guda ba.”

“To mi kika jira?”

“Abin zubawa nika jira.”

Ya leƙa bayan gado ya ga tulin akusa da ƙore a kife. Ya yi salati. Bai taɓa tukwanen ba, don ya san abincin 'ya'yansa ne a ciki. Sai ya nufi madafa ya miƙa hannu sama wajen zangarniyar nan.

“Ga abin zubawa nan. A sussuke rabi a fita kunyar mutane. In ruwa ya faɗi na roƙi iri wajen wani.”

Atu ta riga shi, ta tsaya tsakaninsa da murhu. Ba ta taɓa yi masa haka ba tun da aka kawo ta gidansa.

“Wa za ka roƙa, Maigida? Da wane ido za su ba baƙo iri ranar da kowa ka neman nashi? In munka ba da wanga, gidan ga da munka saya bango za mu ci?”

“Ni ka zama masallaci da mazansu, ba ke ba!”

“Gaskiyarka. Ni na jawo kunyar, bari ni in ɗauke ta.”

Ta juya ta shiga ɗaki, ta jera akusan a babban masaki, ta aza a ka, ta ja mayafi. Wayam ɗinsu. Ɗangiwa ya tsaya yana kallonta har ta fice daga zaure.

Wanda bai san Atu ba ba zai gane nauyin wannan tafiya ba. Mace ce da ta gwammace ta kwana da yunwa da a ce ta nema. Amma haka ta bi gida gida, tana sallama, tana durƙusawa, tana faɗin magana ɗaya: sun sayi gida, abin da ya rage na ci ne zuwa kaka, sai iri, kuma ba za ta daka iri ba. Ta riƙe akusan ne don kunya, a yafe mata.

Lauratu ta karɓi ƙwaryarta ta juya ta gaba da baya tana neman tsaga, ta ce, “To, madalla da anka tuna da mu.” Wata ta yi dariya ta ce da ta sani ai da tuni ta zo ta ɗauki abinta. Wata ta karɓi nata kawai ta kawar da kai, kuma wannan ya fi yi wa Atu ciwo. Gidan Inno Tambaya ta bari ƙarshe, don akushinta ne ya fi daɗewa.

Tsohuwar tana zaune tana tsinkar zogale. Ta saurara har Atu ta gama, sannan ta dube ta sama da ƙasa.

“Ke ɗiyar nan, ashe wauta gare ki haka? Kin hana ni akushina, na rasa abin da zan aika ma mutane tuwo, don kina jin kunyar tsohuwa?”

“Inno, a yi man gafara.”

“Irin, gero na ko maiwa?”

“Gero na, Inno. Na gonarmu ta Kebbe.”

“Kin kyauta da ba ki taɓa shi ba. Tashi ki tafi gida, yara na jiran ki.”

Atu ta koma da masaki ba komai, ta zauna a gindin kurna ta yi kuka mai isarta. Tana ganin ta gama zubar da mutuncinta a garin da ko wata biyu ba ta yi ba. Rana na shirin faɗuwa sai aka yi sallama. Inno Tambaya ce da kanta, tana dogara sanda, da akushin nan dai da aka mayar mata ɗazu, tuwo na tururi a ciki. Ta dire shi gaban Atu, ta nemi turmi ta kife ta zauna a kai.

“Ku juye ku ba ni abina. Nan nika zama sai an wanke, kada shi sake kwana bayan gado.”

Ɗangiwa da ke zaure ya fashe da dariya, yara suka kama, ita ma Atu ta yi, hawaye na zuba.

Ruwan shuka ya sauka ba da daɗewa ba. Suka fita bayan gari su huɗu, Ɗangiwa na sara da sungumi, Atu da yara na binsa suna zuba iri suna rufewa da diddige. Daminar ba ta zo da sauƙi ba, tukunyar ƙarshe sai da aka kankare gindinta, kuma akushin Inno ya tsallaka katanga ya fi a ƙirga. Amma geron Kebbe ya karɓi ƙasar Tambuwal. Da kaka Ɗangiwa ya liƙe tsagar rumbun marini ya zuba dammunansa a ciki. Gidan bai sake shiga bakin masu ciniki ba, a cikinsa aka aurar da Husaina, a cikinsa Dikko ya kawo tasa matar. Lauratu ma daga baya ta sauko, ko da yake ba ta taɓa daina tsokanar Atu da zancen akusa ba.

Atu ta tsufa a unguwar nan, hannunta bai saku ba, har ta mutu tana shafe bakin ƙoƙo. Sai dai duk baƙon da ya tare a unguwar, akushinta ne ke fara shiga gidansa, kuma ba ta aiken kowa da shi. Ita take kaiwa da ƙafarta, ta tsaya a tsakar gida har a juye. In matar gidan ta fara waige-waigen abin da za ta zuba mata, sai Atu ta fizge akushinta ta kife shi a ka.

“Bar shi, ɗiyata,” in ji ta. “Kun sayi gida bana. Je ki duba irinki.”